Tafiyar Daura da Ta Ƙare a Ƙofar Ɗakin Tiyata

Ranar wata Lahadi a farkon hunturu muka kama hanyar Daura, ni da yayana, za mu ɗaurin auren ɗan aminin mahaifinmu da aka sa bayan sallar azahar. Goggo ta ji labari tun daren Asabar, ta aiko cewa mu rage mata hanya, akwai wata tsohuwar abokiyar aikinta a can da aka yi wa rasuwa ba ta samu zuwa gaisuwa ba. Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Aikin jinya ta yi har ta yi ritaya, kuma yawancin shekarun aikin nata a sashen karɓar waɗanda suka yi haɗari ta yi su. Yaya ke tuƙi, ina gefensa, ita kuma tana baya da carbinta.

Da hantsi muka bar gari, hazo ya sauka har rana ta yi fari. Muka ratsa Kurna da Rijiyar Lemo, muka wuce Dawanau inda manyan motoci suka yi layi ana lodin riɗi da wake, sannan muka saki hanyar Katsina muka miƙi ta Dambatta. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai tarin kara nan da can da garken shanu suna kalen abin da aka bari.

Ranar ce kasuwar Dambatta ke ci, don haka tun daga nesa muka rage gudu. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, har mutumin birni ya fara mantawa da ita, amma da zarar ka fita karkara za ka ga babur ne ke ɗauke da rayuwar mutane. Na ga mai goyon mutum uku, na ga wanda ya ɗaure rago a kan tanki yana tuƙi ta saman ƙahonsa. Mai hular kwano ne dai ban gani ba. Muka samu muka fice, duwatsun Kazaure suka bayyana, muka wuce garin Yaya yana cewa in Allah ya so da sauran lokaci za mu isa.

Ba mu yi nisa da Kazaure ba muka hango mutane cirko-cirko a bakin titi. Babur ne kwance, buhun gero ya fashe ya watsu a kwalta. Wani dattijo yana zaune a ƙasa jina-jina, jini na bin fuskarsa ya rina farin gemunsa ya jiƙa gaban rigarsa. Kowa yana kansa, wani na fifita, wani na salati, wani na cewa a samo ƙasa mai laushi a zuba a ciwon. Can gefe kuma wani saurayi, da ƙyar in ya haura shekara ashirin, ya tayar da babur ɗin yana ƙoƙarin miƙar da kansa da ya karkace. Babu mai kallonsa.

Goggo ta riga mu fita. Ta hana mai ƙasa, ta ciro sabon ɗankwali daga jakarta ta ninka ta danna a kan dattijon, ta kamo hannuna ta ɗora. "Danna nan da ƙarfi. Kada ka ɗaga don ka duba." Tana cikin tambayarsa ko wuyansa na ciwo sai wata mai tallar gyaɗa ta ce, "Ai shi yaron ya auna arziki. Suma ya ɗan yi, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ga shi can garau." Goggo na jin haka ta miƙe ta bar ni da dattijon.

"Ɗana, ajiye mashin ɗin nan ka zo ka zauna."

"Hajiya, ni lafiyata lau. Kawu za ku duba."

"Na gan shi. Zo ka zauna. Ina za ku?"

"Kasuwar Dambatta."

"Yaya aka yi kuka faɗi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi shiru, ya dubi titi, ya dubi buhun. Mutane ne suka amsa masa, suka ce akuya ce ta gitta ya kauce mata. Shi bai tuna akuyar ba, bai tuna faɗuwar ba, abin da ya sani kawai ya ga kansa a jiƙe mutane na tsaye a kansa. Goggo ta shafa kansa a hankali da yatsunta har ta tsaya a gefen dama, tsakanin ido da kunne. Wani ɗan kumburi ne mai taushi, ko ƙwarzane babu a kansa. Na ga fuskarta ta canza.

Abin da ta gani a wurin nan, wanda mu duka ba mu gani ba, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Fatar kai cike take da ƙananan hanyoyin jini, yanka kaɗan sai ta yi ta zuba, shi ya sa ciwon dattijon ya firgita kowa. Amma jini ne da ke fita waje, dannawa da ɗinki suna tsayar da shi. Gefen kai kuwa, inda yaron ya bugu, yana cikin wuraren da ƙashin kai ya fi siranta, kuma daidai ƙarƙashinsa wata jijiyar jini ta ratsa. In ƙashin ya tsage yakan yanke ta, jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai kamar tukunya ce da aka cika aka liƙe murfinta: duk abin da ya ƙaru a ciki, sai dai ya matse wanda ya tarar. Taruwar tana ɗaukar lokaci. Mutum zai suma saboda buguwar farko, ya farfaɗo, ya yi magana, ya yi tafiya, har ya ci abinci, alhali jinin na ƙaruwa. Wani minti kaɗan yake samu, wani sa'o'i. Likitoci sun san wannan tazarar sarai, suna kuma tsoronta, domin a cikinta ne ake cewa mutum ya je gida ya huta.

Ba talaka kaɗai take yaudara ba. A watan Maris na 2009 'yar wasan fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi a wurin koyon zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita. Daga baya ciwon kai ya taso mata, bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45, kuma irin wannan taruwar jinin ce ta yi ajalinta.

Da Goggo ta ce asibiti za a tafi da su biyun, sai gardama ta tashi. Wani ya ce akwai kyamis nan kusa, a yi wa yaron allurar kashe ciwo ya wuce gida. Wani ya ce tsautsayi ne kuma Allah ya taƙaita, kada a ƙara wa bayin Allah wahala. Wani ya ja Yaya gefe yana ba shi shawara cewa wanda ya ɗauki mai haɗari shi ke kwana yana amsa tambayoyi. Dattijon da kansa ya ce, "Hajiya, geron nan da kike gani shi za mu sayar. Ba mu fito da kuɗin asibiti ba." Goggo ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Naka ciwon ina ganinsa, na ɗan nan ne ba na gani. In na yi kuskure, asararmu mai da yini guda. Ka bar ni in kai shi." Ya dube ta jim kaɗan, ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Aka damƙa babur da sauran geron a hannun wani mai shago da ya san ƙauyensu.

Wani ƙaramin asibiti muka fara zuwa a garin da ya fi kusa. Jami'in da muka tarar ya wanke ciwon dattijon ya ɗinke, ya haska idon yaron da tocila ya ce duka biyun daidai suke. Muna zaune a benci yaron ya juyo ya tambaye ni, "Yallaɓai, ina mashin ɗina?" Na gaya masa. Ba a jima ba ya sake tambaya, da murya ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Na sake gaya masa. Sai ya dafe kai da hannu biyu ya ce kansa zai tsage, ya sunkuya ya yi amai. Aka share, aka ba shi ruwa ya kurkure baki, ya sake yin wani.

Jami'in bai ɓata lokaci ba. Ya ce a nan ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ake kira siti sikan, kuma ko da suna da ita babu mai yin aikin da hoton zai nuna. Ya sa masa allurar ƙarin ruwa a hannu, ya rubuta takardar tura mu Kano. Na leƙa na ga ya rubuta 14 bisa 15. Goggo ta ce min awo ne na yadda hankalin mutum yake tare da shi, wasu likitoci biyu ne, Teasdale da Jennett, suka fito da shi a birnin Glasgow a 1974, kuma har yau da shi ake aiki ko'ina. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi. Mai cikakken hankali 15 yake samu, mafi ƙasa 3, wanda ya sauko 8 kuwa yana cikin mummunan hali. Ta ce lambar da aka rubuta sau ɗaya ba ta faɗin komai sosai, abin dubawa shi ne ina ta nufa. Motar asibitin ta fita da wata mai naƙuda. Yaya ya kira gidan ɗaurin aure ya ba da uzuri, muka juya kan mota kudu.

Dattijon ya koma gaba. A baya Goggo ta jingina yaron a jikinta yadda kansa zai ɗan ɗaga ba tare da wuyansa ya lanƙwashe ba, ni kuma ta ba ni aiki: in riƙa kiran sunansa lokaci-lokaci, in tambaye shi garinsu, in ba shi yatsuna biyu-biyu a kowane hannu ya matse. Har muka wuce Kazaure yana amsawa, ko da yake sai na maimaita. Daga nan ya fara gyangyaɗi. Dattijon ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a bar shi ya ɗan runtsa mana, gajiya ce." Ta ce, "Baba, barci ba ya kashe mai ciwon kai. Wanda ake tasa ba ya tashi, shi nake gudu."

Kafin Dambatta na ji hannunsa na hagu ya saki. Na dama yana matsewa, na hagun sai dai ya ɗan motsa. Na gaya wa Goggo. Ta kunna fitilar wayarta, ta ɗaga fatar idonsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce in duba. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar idon hagu ya tsuke da haske ya taɓa shi. Na dama ya buɗe ya fi ɗan'uwansa girma, da ƙyar yake motsi. Ban taɓa ganin abu ƙarami haka da ya tayar min da hankali ba. Ta ce jinin ya fara danne jijiyar da ke tsuke idon, kuma ɓarin jikin da ke saki shi ne kishiyar inda aka bugu, domin kowane ɓari na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jikin yake juyawa. Ta kira wata ma'aikaciyar asibitin da za mu, wadda ta taɓa koya wa aiki, ta faɗa mata abin da ke tafe, a taƙaice, ba ko gaisuwa.

Kasuwa ta cika ta batse a lokacin, motar shanu ta gindaya a titi ana sauke kaya. Yaya ya sauke gilashi ya ɗaga murya ya ce mara lafiya ne a mota. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin mutanen da suka taso ba. 'Yan kamasho ne da masu turin baro da wani mai rake, suka riƙa bugun motoci suna janye babura suna daka wa direban shanun tsawa, har hanya ta buɗe. Wani ya leƙo ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," muka wuce.

Daga Dawanau zuwa cikin gari ya fi ko'ina tsawo a wurina. 'Yan adaidaita sahu sun cika titi, yaron kuma ya daina amsa suna, sai in Goggo ta matse masa farce ya janye hannu. Numfashinsa ya koma minshari. Ta juya shi ta gefe, ni ina riƙe da kansa daidai da jikinsa, don kada amai ko harshe ya toshe masa maƙogwaro. Dattijon bai ƙara cewa komai ba sai salati.

Ana kiran la'asar muka shiga babban asibitin. An san da zuwanmu, aka karɓe shi a bakin ƙofa. Hoton ya nuna abin da Goggo ta faɗa tun a bakin titi: tsaga a ƙashin gefen dama, da farin dunƙulen jini da ya ture ƙwaƙwalwa gefe. Likitan ya yi wa dattijon bayani da Hausa, cewa za a buɗe ƙashin a kwashe jinin a ƙone bakin jijiyar a mayar da ƙashin, kuma irin wannan ciwon, in an riske shi da wuri, mutane da yawa suna warkewa sarai, domin sau da yawa ita ƙwaƙwalwar ba ta ji mummunan rauni ba, matse ta ake yi. Dattijon ya dangwala yatsa a takarda. Aka nemi jini, Yaya ya bayar. Kuɗi kuwa haɗa su aka yi, namu da na Goggo da na 'yan'uwansu da suka iso bayan magariba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, amma duk wanda ya yi jinya ya san hoto da magani da kayan aiki sai an nemo kuɗinsu. Kuma irin wannan tiyata a manyan asibitocin koyarwa ake samunta, irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mutumin ƙauye tafiya ce a gabansa, shi ya sa jiran a ga abin da hali zai yi ya fi yi masa tsada fiye da kowa.

A barandar da muke jira Goggo ta sa aka yi wa dattijon nasa hoton, saboda shekarunsa. Ya fito lafiya, amma ba ta ƙyale shi ba. Ta tara 'ya'yansa ta ce su sa masa ido har wata biyu ko uku. Tsofaffi wani irin jini ne ke tarar musu, daga ƙananan jijiyoyi, yana tsattsafowa a hankali, sai bayan makonni a ga mutum ya fara mantuwa, yana tangaɗi, yana yawan barci, ko ɓarin jiki ya yi nauyi. Sai a ce tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki, an manta da faɗuwar da ya taɓa yi. Ta tambaya ko yana shan maganin tsinka jini, irin wanda ake ba masu ciwon zuciya, asfirin ko wafarin, domin mai shan su ko buguwar ba ta yi ƙarfi ba asibiti ya kamata ya je.

Matan da ke jinyar nasu suka matso suna saurare, hira ta koma darasi. Wata ta ce ɗanta ya taɓa faɗowa daga gado, yaya za ta gane? Goggo ta ce yaron da ya yi kuka nan take, aka rarrashe shi ya koma wasa da shan nono, yawanci ƙulu ne kawai, a sa masa tsumma mai sanyi a kuma lura da shi kwana ɗaya zuwa biyu. Amma jaririn da ya ƙi nono, ko kukansa ya ƙi tsayawa, ko ya yi laushi, ko maɗigarsa ta kumbura, ba a kwana da shi a gida. Babba ko yaro, in ya suma ko na ɗan lokaci ne, in ya manta abin da ya faru, in amai ya maimaitu, in ciwon kai na ƙaruwa, in ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya, in magana ta karye ko gani ya rabu biyu, a tafi. Ta daɗe a kan ruwan da ke fita ta hanci ko kunne, garai-garai ko gauraye da jini. Ta ce mutane na ɗaukarsa majina, alhali ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ne, alamar ƙasan ƙoƙon kai ya tsage. Ba a toshe shi da auduga, ba a ɗiga masa magani. Haka baƙin da ke zagaye idanu biyu ko ya fito a bayan kunne, wanda wani lokaci sai washegari yake bayyana.

Ta yi faɗa sosai a kan abin da muke yi da kyakkyawar niyya. Ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara yana iya tura su cikin huhu. Ciccibar wanda ke kwance, wani ya kama hannu wani ƙafa kai na reto, yana iya ƙarasa lakar wanda wuyansa ya karye, don haka a riƙe kai da wuya a miƙe da jiki a ɗauke shi a kan abu mai faɗi. Maganin ciwo kuwa, farasitamol ya isa kafin a ga likita. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini, tramadol kuma yana kawo barcin da zai ɓoye alamar da ake nema. Ta ce addu'a da tofi a yi su a cikin mota, ana tafiya.

Dare ya raba aka fito da shi. Da na koma dubiya cikin makon, na same shi zaune da naɗin bandeji, yana shan kunu da hannun dama. Na hagun ya fara kama kofi, likitoci sun ce da motsa jiki zai dawo. Bai gane ni ba, bai tuna motarmu ba, kawunsa ne ya gaya masa ko ni wane ne. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi Hajiya.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma hukumar ta ce hular kwano mai kyau da aka ɗaure daidai tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa ta a Najeriya, wasu suka kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, wasu fasinjoji suka ce ba za su sa hular da wani ya cire ba, daga baya zancen ya bi ruwa. Hular da za ta rufe gefen kan yaron nan kuɗinta bai kama ƙafar abin da danginsa suka kashe a dare ɗaya ba.

Ina roƙon shugabannin 'yan acaɓa da na tashoshin mota, da limaman garuruwan da ke bakin titi, su faɗa wa mutanensu wannan da bakinsu: in an yi haɗari, bayan an tsayar da jinin mai jini, a nemi wanda ya bugu a ka ya tashi, a tambaye shi yadda aka yi. In ya suma ko ya kasa tunawa, a kai shi asibiti a ranar, ko da yana rantsuwa lafiyarsa lau, kuma kada ya kwana shi kaɗai. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. A ajiye su a waya tun yau.